Kai ɗalibai Kambodiya daga Kebbi: yadda ake haɗa aikin sa-kai da sanin al'adun Khmer

Tafiyar ba ta wuce kwana 14, amma shirinta yana cin wata takwas zuwa tara, kuma yawancin abin da ke ɓata ta yana faruwa ne tun ɗalibai ba su bar Birnin Kebbi ba. Ana maganar rukunin ɗaliban jami'a ko kwaleji, ko manyan 'yan sakandare, da za su je su yi aikin hannu na 'yan kwanaki tare da wata ƙungiya ta can, sannan su ga abin da Khmer, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, suka gina da yadda suke rayuwa. Nisan ƙasar ne kawai ke ba da tsoro. Shinkafa ce abincinsu, kifin ruwan daɗi ne mahaɗinta, cikar kogi da janyewarsa ne ke tsara musu shekara. Yaron da ya tashi a Argungu ko Yawuri ko fadamar Suru zai gane rabin abin da yake gani ba tare da tafinta ba.

Rukunin kada ya wuce mutum 12 zuwa 16, da malami ɗaya a kan kowane ɗalibi shida ko bakwai. In akwai 'yan mata, dole a tafi da malama. Fiye da haka mota ɗaya ba ta ɗauka, kuma a wurin aiki rabinsu za su tsaya suna kallo.

Mai masauki kafin tikiti

Abu na farko shi ne ƙungiyar da za ta karɓe ku, don daga hannunta takardar gayyata za ta fito, ita ce kuma za ta ce ga aikin. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suna Siem Reap, garin da ke bakin Angkor, kufan tsohon birnin sarakunan Khmer mai manyan wuraren bauta na dutse, wasu a Battambang ko Phnom Penh. Ƙungiyar gida tana rajista da ma'aikatar cikin gida, ta ƙasashen waje tana da yarjejeniya da ma'aikatar harkokin waje. Ku nemi kwafin takardar, ku nemi rubutacciyar dokarsu ta kare yara, sannan ku yi magana ta bidiyo da wanda zai tsaya a kanku a filin aiki, ba mai amsa wasiƙa kaɗai ba. Ku tambaye shi wa ya nemi a yi wannan aikin, mutanen ƙauye ne ko ofis, da wanda yake yin sa a watannin da babu baƙi, da kuma nawa ne daga kuɗinku zai tafi kayan aiki da ladan ma'aikata. Wanda ya kasa amsa tambayar tsakiya, to aikin an ƙirƙire shi ne don baƙi. A nan ake samun bangon aji ɗaya da ake shafa wa fenti sau uku a shekara. Ku roƙi lambar wata makaranta da ta taɓa zuwa, ku kira ta.

Wani gargaɗin kuma ya shafi rai. Akwai gungun 'yan damfarar intanet a ƙasar, musamman wajen Sihanoukville da garuruwan kan iyaka irin su Poipet, da ke yaudarar matasa da sunan aiki mai albashin dala, su karɓe fasfo su kulle mutum a gida. 'Yan Afirka na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Duk wanda ya ce zai biya wa ɗalibi tikiti kyauta, ko zai riƙe masa fasfo, ko ya yi masa tayin ya tsaya bayan rukuni ya dawo, a yanke hulɗa da shi. Fasfon kowa yana hannun shugaban tafiya, kowane ɗalibi kuma yana yawo da kwafi.

Gidan marayu: a bar shi

Zuciyar Bahaushe tana saurin karkata ga maraya, kuma shafukan masu tallar irin wannan tafiya sun san haka game da kowa. Za ku ga hoton yara suna murmushi, a ce ku zo ku kwana biyar kuna koya musu Turanci. Kada ku je. Binciken da gwamnatin Kambodiya ta yi tare da UNICEF ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, kuma yawan gidajen ya ƙaru da kusan kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, lokacin da masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa. Dalilin a fili yake. Baƙo yana biya don ya ga yaro, sai mai gida ya shiga ƙauye ya ce wa talaka ya ba shi ɗansa zai sa shi makaranta. In gidan ya yi kyau gudummawa za ta ragu, don haka wasu da gangan suke barin sa a lalace. Shi kuma yaron, duk mako wani sabon mutum zai rungume shi ya yi masa alkawari ya tafi. Ƙungiyar Friends-International ta daɗe tana kamfe a kan cewa yara ba abin kallon 'yan yawo ba ne, Ostireliya kuma a 2018 ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bautar zamani.

Koyarwa a aji na kwana uku ma ba ta da wani amfani. Ɗalibin da bai san harshen Khmer ba, bai san inda malamin ajin ya tsaya ba, abin da zai koyar shi ne gaisuwa da ƙirga, wanda baƙin makon jiya suka riga suka koyar. In kuna son hulɗa da makaranta, a haɗa ɗalibanku da sa'o'insu, su zauna su yi muhawara ko su buga ƙwallo, malaman makarantar suna wurin. Haka nan kada a raba alewa ko kuɗi ga yaran da ke talla a bakin wuraren tarihi, kuma kada a ɗauki hoton yaro a sa a Facebook ba da izinin iyayensa ba.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga, da shafuka marasa tambari. Sunan da ke kansa ya yi daidai da na lambar NIN da na tikiti harafi da harafi, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya hana yaro hawa jirgi. Masu sabon fasfo su fara da wuri, gyaran suna ko ranar haihuwa shi ne ke cin watanni.

Kambodiya ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya, kuma fasfon Najeriya na cikin waɗanda ake tsaurara wa bincike. Saboda haka kada ku dogara da labarin da Turawa ke rubutawa cewa ana ba da biza a filin jirgi ba wahala. Bizar yawon buɗe ido mai harafin T ta kwana 30 ce, kuɗinta dala 30, akwai kuma mai harafin E ta masu zuwa aiki ko kasuwanci. Mai masaukinku ne zai gaya muku wadda ta dace da aikin, ya tuntuɓi hukumar shige da fice ta can, ya aiko muku da amsa a rubuce tare da takardar gayyata mai sunan kowa da lambar fasfonsa. Sai wannan ta zo hannu ake biyan tikiti. Ku buga komai a takarda: gayyata, tikitin dawowa, shaidar masauki, wasiƙar shugaban makaranta, da amincewar iyaye ga duk wanda bai kai shekara 18 ba. Tun a Abuja ko Kano za a fara tambaya, don jami'ai suna sa ido a kan rukunin matasa saboda safarar mutane. Akwai kuma fom na shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin mako guda kafin isa.

Katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad, wajibi ne ga mai fitowa daga Najeriya. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, kuma a karɓe ta a hannun jami'an lafiya na tashoshin shiga da fita, ba a sayi kati a bakin titi ba.

Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Daga Kano ko Abuja ake bi ta Adis Ababa ko Doha, sau da yawa a sake sauka a Bankok. Ku sayi tikiti ɗaya tun daga nan har Kambodiya. In kuka raba shi biyu don neman sauƙi, a Bankok za a ce ku fita ku ɗauki kaya ku sake shiga, hakan kuwa yana buƙatar bizar Tailan, wadda ba ku da ita. Shiga ta mota daga Tailan ma a cire ta daga lissafi, tunda an gwabza faɗa a kan iyakar ƙasashen biyu a 2025, kuma duk wani wurin tarihi da ke bakin iyakar, irin Preah Vihear, a bar shi. Sabon filin jirgin Siem Reap da aka buɗe a 2023 yana da nisan fiye da kilomita 40 daga gari, don haka a shirya mota tun kafin a sauka. Agogonsu yana gaban namu da awa shida. Ranar farko ta barci ce.

Lokaci da kuɗi

Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi, babu ruwa, zafi da sauƙi, hutun Disamba kuma ya faɗo a ciki. Maris zuwa Mayu zafi ne mai gumi, wanda ya bambanta da busasshen zafin da muka saba, kuma tsakiyar Afrilu ake bikin sabuwar shekarar Khmer, ofisoshi a rufe, ma'aikata duk sun tafi ƙauyukansu. Haka ma bikin tunawa da magabata, Pchum Ben, a Satumba ko Oktoba. Damina daga Mayu ce zuwa Oktoba. A duba kalanda kada tafiya ta faɗa cikin azumi, aikin siminti da ƙishi ba sa haɗuwa.

Ku yi kasafi da dala, ku karɓi kuɗin iyaye kashi-kashi kuna canzawa nan take, saboda in kuka ajiye naira wata shida kuna iya tarar da ta zube. Tikitin jirgi shi ne mafi tsoka. Bayansa sai masauki da abinci, kuɗin mai masauki, mota da jagora, biza, inshorar lafiya, da kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana. A can ana kashe dala da kuɗinsu riyel tare, dala ɗaya kusan riyel 4,000, canjin ƙananan kuɗi da riyel ake bayarwa. Takardar dala mai yagewa ko tabon biro ko tsohon bugu sau da yawa 'yan kasuwa ba sa karɓar ta, komai ƙanƙantar yagar. Ku duba kowace takarda a gaban ɗan canji kafin ku bar wurin. Katin banki na naira kada a dogara da shi.

Aikin: matatar ruwa ta yashi

Aikin da ya fi dacewa da kwana huɗu ko biyar shi ne wanda ma'aikatan gida suke yi dama, ku kuma ku ƙara hannu. Dasa itace, haƙa ramin masai, girbin shinkafa a Disamba, duk suna yi. Amma wanda ɗan Kebbi zai iya ɗaukowa ya dawo da shi gida shi ne matatar ruwa ta yashi, wadda ƙungiyoyi da yawa ke girkawa a gidajen karkarar Kambodiya.

Akwati ne na siminti, tsayinsa ya kusa mita ɗaya, da bututu da ya taso daga ƙasansa ya fito ta gefe a sama. A ƙasa ana zuba tsakuwa mai girman milimita 6 zuwa 12, kaurin santimita biyar. A kanta ƙaramar tsakuwa, ita ma santimita biyar, don ta hana yashi gangarawa. Sai yashi mai laushi da ya bi ta rariya mai ido ƙasa da milimita ɗaya, zurfinsa ya ɗan haura rabin mita. A can sama akwai faranti mai ƙananan huji da ke karya ƙarfin ruwan da aka zuba, sai murfi. Ana zuba kusan lita 12 a lokaci guda.

Ɗalibai za su so aikin zuba siminti a ƙwaryar ƙarfen da ke fitar da siffar akwatin, don shi ne ke yin kyau a hoto. Amma akwatin da aka zuba yau sai gobe za a cire shi, sannan ya yi kusan mako ana jiƙa shi kafin ya yi ƙwari. Waɗanda za ku girka wasu ne suka zuba, naku kuma wasu za su girka. A gaya wa ɗalibai haka tun farko. Inda aikin yake da gaske shi ne tankaɗe yashi da wanke shi, kuma a nan ake kuskure. In ba a wanke shi sosai ba, laka za ta toshe matata ruwa ya riƙa ɗiga. In aka wanke shi fiye da kima, ruwa zai wuce da gudu bai tace ba. Gwajin mai sauƙi ne: a cika matata, a sa robar lita ɗaya a bakin bututu a duba agogo. Kada ta cika a ƙasa da minti biyu da rabi. In ta cika a minti ɗaya, a kwashe yashin a sake.

Wajen girkawa, ruwa ake fara zubawa a akwatin sannan a riƙa zuba yashi a cikin ruwan. In aka zuba shi a bushe, iska za ta maƙale a tsakani ta hana ruwa bi. Bayan an gama, ruwan da ya kwanta a kan yashi ya tsaya a santimita biyar. Dalili kuwa, aikin tacewar ba na yashi kaɗai ba ne. A samansa wasu ƙananan halittu ke taruwa su yi shimfiɗa, su ne ke cinye yawancin ƙwayoyin cuta. In ruwan ya yi zurfi iska ba za ta kai gare su ba, in ya ƙafe su bushe su mutu. Shimfiɗar tana ɗaukar kusan kwana 30 kafin ta nuna, saboda haka ruwan makonnin farko sai an tafasa ko an sa masa magani bayan ya fito. Ba a zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ta sama, ba a barin ta fiye da kwana biyu babu ruwa, ba a matsar da ita bayan an girka, kuma an fi son a riƙa ɗebo ruwa daga rijiya ko tafki ɗaya. In ta fara jinkiri, a cire farantin, a motsa saman yashin da tafin hannu a hankali, a kwashe ruwan da ya gurɓace. Ba ta cire gubar da ta narke a ruwa, irin asenik da ke cikin wasu rijiyoyi na yankin kogin Mekong, shi ya sa ma'aikatan ke gwada ruwa kafin su kai ta gida.

Bayanin nan ma'aikacin gida ne zai yi wa matar gida da harshensu. Ɗalibi ya tsaya ya saurara, ya rubuta. Ku tafi da safar hannu da takalmi mai rufe ƙafa, siminti yana cin fata. A fara da ƙarfe bakwai, a tashi kafin azahar.

Angkor

Tikitin shiga dala 37 ne na kwana ɗaya, 62 na kwana uku, 72 na mako. Na kwana uku ya fi dacewa, kuma ana iya rarraba kwanakin cikin kwana 10, don haka kuna iya sa rana ɗaya tsakanin ranakun aiki. Ana saye ta intanet ko a ofishin sayarwa. Dole a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda ba zai dami 'yanmu ba. Ku ɗauki jagora mai lasisi.

Kafin a bar gida, a kai rukunin gidan tarihi na Kanta a Argungu, a karanta musu labarin Surame da ganuwarta ta dutse. Wanda ya taɓa tambayar yadda Kanta ya tara mutane da abincin da aka yi wannan gini, zai isa Angkor da tambaya a bakinsa.

Kada a fara da Angkor Wat, in an fara da shi sauran za su zama ƙanana. A fara da Banteay Srei na shekarar 967, ƙarami ne, na jan dutse, sassaƙarsa ta fi ta ko'ina laushi. Rana ta biyu Angkor Thom, birnin Sarki Jayavarman na Bakwai na ƙarshen ƙarni na 12, da Bayon mai manyan fuskoki a tsakiyarsa. Kowa fuskokin yake kallo, amma ku kai ɗalibai bangon waje na ƙasa, inda aka sassaƙa rayuwar talakawa: mata a kasuwa, masu dafa abinci, masu caca a kan faɗan zakaru, kifaye da kada a ƙarƙashin jiragen yaƙi. Wani jakadan Sin, Zhou Daguan, ya zauna a birnin a 1296 zuwa 1297 ya rubuta abin da ya gani, kuma jagora mai kyau zai haɗa muku bayaninsa da bangon. Rana ta uku Angkor Wat, wanda Suryavarman na Biyu ya gina a farkon ƙarni na 12 don bautar Vishnu na addinin Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buddha. Ana buɗe shi da ƙarfe biyar na asuba. A yi sallah tukuna, a yi karin kumallo, a shiga bayan cunkoson masu kallon fitowar rana ya watse. Benen can sama ana rufe shi a ranakun ibadarsu.

Ku ba kowane ɗalibi abin da zai bincika. Ɗaya ya bi dutse: harsashi da ganuwa da marmara aka yi su, irin wadda muke da ita, fuskar ginin kuma da dutsen yashi da aka ɗauko daga wajen tsaunin Kulen. Wani ya bi ruwa, wanda shi ne asirin wurin. Tafkin Baray na yamma da hannu aka yi shi, tsayinsa kilomita takwas, faɗinsa biyu, har yau da ruwa a ciki. Masana suna danganta raunin birnin da dogon fari da ambaliya da suka lalata hanyoyin ruwansa a ƙarni na 14 da na 15, ga kuma harin Ayutthaya, tsohuwar daular ƙasar Tailan, na 1431. UNESCO ta sa Angkor cikin kayan tarihin duniya a 1992.

Tafki, gafiya da kurkuku

Rana ɗaya a tafkin Tonle Sap ta fi lacca goma ga ɗan masunta. Da damina Mekong yana cika har ya tura kogin Tonle Sap ya juya baya, tafkin ya ninka girmansa sau da yawa, ruwa ya shiga daji kifi ya hayayyafa. Da rani kogin ya koma yadda yake, abin da ake yi wa bikin tseren jiragen ruwa wajen Nuwamba. A Kampong Khleang ko Kampong Phluk za ku ga gidaje a kan dogayen turaku da suka fi tsayin bene. Ku tambayi yadda ake yin prahok, kifin da ake tsimawa da gishiri, wanda yake musu abin da daddawa take mana. Rigar ruwa dole ce ga kowa a cikin jirgi, har wanda ya ce ya iya iyo.

A Siem Reap akwai cibiyar APOPO, inda ake nuna gafiyar Afirka da aka horar a Tanzaniya tana shinshino nakiyoyin da yaƙi ya bari a ƙasa. Ba ta da nauyin da zai tayar da nakiya. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, har lambar zinariya ta samu a 2020. Ziyarar tana koya wa ɗalibai dalilin dokar karkara: ba a sauka daga hanyar da mutane ke bi, ba a taɓa wani ƙarfe a gona, jan allo mai hoton ƙoƙon kai kuma yana nufin a tsaya. Da dare a je wasan Phare, wasan tsalle-tsalle da kwaikwayo na matasan da suka fito daga makarantar fasaha ta Battambang, ko a nemi wasan inuwa na Sbek Thom da ake yi da manyan fatun shanu da aka huda.

Phnom Penh tana da nisan fiye da kilomita 300, tafiyar awa biyar zuwa shida a mota, a yi ta da rana. A nan ne Tuol Sleng, makarantar sakandare da Khmer Rouge, 'yan gurguzun da suka ƙwace mulkin ƙasar, suka mayar kurkuku, da filin kisa na Choeung Ek. Daga 1975 zuwa farkon 1979, ƙarƙashin Pol Pot, mutane kusan miliyan 1.7 suka mutu ta kisa da yunwa da aikin tilas. Musulmin ƙabilar Cham sun sha wuya ƙwarai, an hana su sallah, an rusa masallatai. A yi wa ɗalibai bayani daren da ya gabata, a bar wanda ba zai iya ba ya zauna a waje, kada a sa wani abin nishaɗi a yammacin ranar. A tuna cewa a rukunin ana iya samun wanda 'yan bindiga suka taɓa gidansu. Kuma kada ɗalibi ya tambayi dattijo abin da ya yi a lokacin, sai in shi ya buɗe zancen.

Sallah, abinci da ladabi

A zauna da iyaye a faɗa musu gaskiya: wuraren da za a gani na bauta ne, da gumaka a ciki, ɗalibai kuma za su shiga ne a matsayin masu nazarin tarihi. Ba wanda zai tilasta musu rusunawa ko kunna turare. In limaminsu ya miƙo jan zare zai ɗaura a hannu, murmushi da ɗan ja da baya sun isa. Akwai masallacin An-Neakmah a Siem Reap da gidajen abincin halal kewaye da shi, akwai Al-Serkal a Phnom Penh. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Naman alade yana shiga abinci da yawa, har romon miya da man suya, sunansa sach chrouk, a sa mai masauki ya rubuta da rubutunsu a kati cewa ba a ci. Amok na kifi da shinkafa ba ya ba da matsala. Yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu a cikin leda mai suna suna ceton wanda abincin bai karɓe shi ba, kilishi kuwa a bar shi a gida, kayan nama suna jawo tsaiko a kwastan.

Gaisuwarsu haɗa tafin hannu ne a ƙirji, ana cewa chum reap suor, godiya kuma arkun. Ba a dafa kan mutum ko da yaro ne, ba a miƙe ƙafa ana nuna mutum da ita, ana cire takalmi a ƙofa, mace ba ta taɓa limamin Buddha ko ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ɗaga murya a ciniki, wanda a kasuwar Jega ba komai ba ne, a can zubar da mutunci ne ga kowa. Baƙar fata za ta jawo kallo da neman hoto a ƙauye, a shirya wa ɗalibai wannan.

Ciwon da aka fi tsoro shi ne zazzaɓin dengi, saurayensa da rana yake cizo, don haka man korar sauro da safe ake shafawa. Ɗalibin da ya yi zazzaɓi kada a ce maleriya ce a ba shi maganin da aka saba. A ba shi farasitamol a kai shi asibiti a gwada jini, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna ƙara haɗarin zubar jini. Cizon kare ko na birin Angkor, a wanke da sabulu minti 15 a tafi asibiti ranar, saboda ciwon haukan kare. Ruwan roba kaɗai ake sha, a tafi da garin gishiri da sukari na gudawa. Kada kowa ya ɗauki tiramadol ko kodin, kada kuma ya karɓi saƙon wani a filin jirgi. A Phnom Penh masu babur suna fizge waya, a riƙe jaka ta ciki in an hau keke. Soket ɗinsu yawanci mai huji biyu ne, a tafi da adafta.

Bayan an dawo, cikin mako biyu kowane ɗalibi ya miƙa rahoton abin da aka ba shi ya bincika, a yi wa iyaye lissafin kuɗi da rasit, a aika wa mai masauki kwafi. Bayan wata uku ku tambaye shi matatu nawa cikin waɗanda kuka girka suke aiki. In za a gwada ta a nan, a sa maƙeri ya yi ƙwaryar ƙarfe bisa awon da aka zo da shi, a nemi yashin da aka fasa daga dutse, in babu sai na tudu. Na bakin gulbi inda shanu ke shan ruwa yana ɗauke da ƙazanta, sai an wanke shi an shanya a rana sosai. Matata ta farko a girka ta a cikin makaranta, a kai ruwanta ɗakin gwaji bayan kwana 30, kafin a kai ko ɗaya gidan wani.